Lauyan Wa? Fansho, Biza da Amanar Ma'aikaci a Kotunan Amurka

A takardun da manyan ofisoshin lauyoyi na Amurka ke gabatar da ma'aikatansu da su, akan tarar an jingina wa lauya guda fannoni biyu a layi ɗaya. Na farko shi ne shari'ar haƙƙoƙin da ma'aikaci ke samu ban da albashi, wato fansho da inshorar lafiya da kuɗin sallama. Na biyu kuwa shari'ar shige da fice ta fuskar aiki, wato bizar da kamfani ke nema wa baƙo da kuma takardar zama na dindindin, wadda ake wa laƙabi da koren kati. A ido, haɗin gambiza ne. Dokokin da ke tafiyar da fannonin daban suke, hukumomin da ke kula da su ma haka, kuma a makarantun koyon aikin lauya ba a aji ɗaya ake karantar da su ba. Amma duk wanda ya bi diddigin shari'o'in zai ga cewa tambaya ɗaya ce ke ƙarƙashinsu: ranar da aiki ya ƙare, me ma'aikaci zai fita da shi a matsayin nasa na kansa? Lauyan da ya ƙare rayuwarsa a waɗannan fannoni, da wannan tambaya ya kamata a auna shi, domin a mafi yawan lokuta kamfani ne ke biyansa, alhali rayuwar da ke kan teburinsa ta ma'aikaci ce.

Dokar fansho ta Amurka daga wani rashin amana ta samo asali. A watan Disamba na 1963 kamfanin ƙera motoci na Studebaker ya rufe masana'antarsa ta South Bend a jihar Indiana. Da aka zo rabon abin da ke cikin asusun fansho, sai aka ga bai kai ba. Waɗanda suka riga suka yi ritaya da waɗanda suka kai shekara 60 sun sami haƙƙinsu cikakke. Kimanin mutum 4,000 da ke tsakanin shekara 40 zuwa 59, wasunsu sun shafe shekaru da dama a bakin injin, an ba su kusan kashi 15 cikin ɗari na abin da aka yi musu alkawari. Wasu kimanin 2,900 ko sisi ba su samu ba. Ba a kuma karya wata doka ba, domin a wancan zamani babu dokar tarayya da ta tilasta wa kamfani ya tanadi kuɗin da zai cika alkawarinsa. An kwashe fiye da shekara goma ana kai-komo a majalisa, inda Sanata Jacob Javits na New York ya kasance cikin jagororin fafutukar, kafin Shugaba Gerald Ford ya sa hannu a dokar da aka fi sani da ERISA ranar 2 ga Satumba, 1974, wadda ta dace da ranar ma'aikata ta ƙasar.

Abu biyu wannan doka ta kawo da suka shafi wannan magana. Ta ƙayyade lokacin da haƙƙin ma'aikaci zai nuna, ma'ana ya zama mallakarsa ta yadda ko an kore shi ba za a iya ƙwacewa ba. Sannan ta ɗora wa duk mai juya dukiyar asusun nauyin amana, ta ce wajibi ne ya yi aiki domin amfanin ma'aikata da magadansu kaɗai. Kalmar amana a nan ba ado ba ce. Daga dokar riƙon dukiyar wani aka aro ma'anar, irin riƙon da wasiyyi ke yi wa dukiyar maraya, kuma ma'aikaci na da ikon kai mai riƙon ƙara kotun tarayya da sunansa.

Kada a ɗauka cewa daga nan ma'aikaci ya huta. Abin da majalisa ta bayar da dama, kotu ta riƙa ragewa da hagu. A 1985 Kotun Ƙoli ta yanke cewa wanda aka jinkirta masa haƙƙinsa ba zai karɓi diyyar wahalar da ya sha ba. A 1987, a shari'ar kamfanin inshora na Pilot Life, ta toshe hanyar kai irin wannan ƙara ƙarƙashin dokokin jihohi, inda diyya ta fi tsoka. Sai kuma shari'ar Firestone ta 1989, wadda ta fi kowace tasiri a kan sana'ar lauyoyin wannan fanni. Kotun ta ce alƙali zai duba ƙin biyan haƙƙi da idonsa tun daga tushe, sai fa idan takardar tsarin ta ba mai gudanarwa ikon fassara sharuɗɗanta. Wannan "sai fa" ita ce ta zama abincin lauyoyin kamfanoni. Cikin ɗan lokaci kusan kowace takardar tsari ta sami wannan sakin layi, aka wayi gari alƙali ba ya tambayar ko mai gudanarwa ya yi daidai, sai dai ko ya wuce gona da iri. A 2008, a shari'ar MetLife, kotun ta amince cewa akwai son zuciya a tsarin da kamfanin da zai biya shi ne kuma mai yanke ko za a biya, amma ta ce wannan abu ɗaya ne kawai daga cikin abubuwan da alƙali zai sa a sikeli. Ga shi kuma galibi alƙali ba ya sauraron sabuwar shaida, abin da ke cikin fayil ɗin kamfanin inshora shi zai karanta. Ma'aikacin da ya rubuta ƙorafinsa na cikin gida shi kaɗai, ba tare da lauya ba, sau da yawa ya riga ya faɗi shari'arsa tun kafin ya san an fara ta.

Duk da haka, a wannan fanni akwai lauyoyin da suka gina sana'arsu a ɓangaren ma'aikata, suka kuma ci riba. Jerome Schlichter na birnin St. Louis ya fara shigar da ƙararraki tun 2006 a kan kuɗin hidima mai yawa da ake yanka daga asusun ajiyar ritaya na ma'aikata. Ofishinsa ne ya kai shari'ar kamfanin Edison gaban Kotun Ƙoli a 2015, inda aka tabbatar cewa nauyin mai riƙon amana na sa ido a kan jarin da ya zaɓa ba ya ƙarewa da ranar zaɓen. A 2016 guguwar ta iso jami'o'i, har ta kai ga hukuncin Jami'ar Northwestern a 2022 da na Jami'ar Cornell a 2025, dukansu kuma malamai da ma'aikatan jami'a ne masu ƙara. Abin da ya sa irin wannan sana'a ta yiwu a fili yake. Ƙarar gayya ce, mutum dubbai a ƙara ɗaya, kuɗin da ake jayayya a kai miliyoyin daloli ne, lauya kuma na iya ɗaukar nauyin shari'ar daga aljihunsa ya jira kasonsa in an yi nasara.

A fannin shige da fice babu irin wannan tukunya. Babu kuɗin da za a raba idan an ci shari'a, takarda ce kawai za ta fito. Saboda haka wanda ke da ikon biyan lauya tun farko shi ke da lauya, kuma tsarin dokar kansa ya nuna ko wane ne. Bizar ƙwararru ta H-1B, wadda dokar 1990 ta ƙayyade adadinta zuwa 65,000 a shekara, aka ƙara 20,000 daga baya ga masu babban digiri na jami'o'in Amurka, kamfani ne ke nemanta. Iyakarta shekara shida, in ba an fara neman koren kati ba. Neman koren katin ma, a mafi yawan rukunoni, kamfani ne zai fara zuwa Ma'aikatar Ƙwadago ya nuna cewa ya yi cigiya bai sami ɗan ƙasa da ya cancanta ba, sannan ya shigar da buƙata gaban hukumar shige da fice. Tun 2007 ƙa'ida ta hana a ɗora wa ma'aikaci kuɗin lauya na wannan mataki na farko idan lauyan na wakiltar ɓangarorin biyu. An yi haka ne domin a kare shi daga tatsa, amma sakamakonsa shi ne ya ƙara bayyana wanda lauya zai kalla idan an sami saɓani. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A Satumbar 2025 kuma fadar shugaban ƙasa ta shelanta kuɗin dala 100,000 a kan wasu sababbin buƙatun H-1B, adadin da babu matashin injiniya ko malamin da zai fitar daga aljihunsa.

Akwai wani abin lura ga masu nazarin harshe. Dokokin biyu suna amfani da kalmar Ingilishi guda, mai ma'anar "mai cin moriya". A dokar fansho, mai cin moriya mutum ne mai haƙƙi, wanda ƙofar kotu ke buɗe gare shi. A ƙa'idojin shige da fice kuwa, ma'aikacin da ake nema wa biza shi ake kira da wannan suna, sannan aka rubuta ƙarara cewa ba ya cikin waɗanda hukunci ya shafa ta fuskar ɗaukaka ƙara. Wato mutumin da za a iya kora daga ƙasa, da matarsa da 'ya'yansa, a idon takarda ɗan kallo ne. Mai fassara da zai mayar da kalmar Hausa iri ɗaya a wuraren biyu zai yi wa mai karatu ƙarya ba da niyya ba.

Wata shari'a da kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya mai zama a New York ta yanke a watan Disamba na 2015 ta nuna inda wannan ke kai mutum. Wata mata 'yar Indiya, masaniyar kwamfuta, kamfanin Vision Systems Group ya nema mata koren kati, aka amince da buƙatarsa, ita kuma ta shigar da tata takardar ta ƙarshe a 2007. Wata doka ta shekarar 2000 ta ba ma'aikaci damar sauya wurin aiki idan takardarsa ta ƙarshe ta yi kwana 180 tana jiran hukunci, matuƙar sabon aikin irin na da ne. Ta yi amfani da wannan dama ta koma wani kamfani. Bayan ta tafi, shugaban tsohon kamfanin ya amsa laifin zamba dangane da takardun wani ma'aikaci daban. Hukumar shige da fice ta yanke shawarar soke buƙatun da kamfanin ya shigar, har da nata, ta kuma aika sanarwar niyyar sokewa ga kamfanin, wanda a lokacin ya riga ya daina aiki. Ba wanda ya amsa, sai aka soke. Matar ba ta san abin da ke gudana ba sai da aka ƙi amincewa da takardarta, bayan shekaru tana kan layi. Gwamnati ta tsaya a kotu a kan cewa ba ta ma da hurumin yin ƙara. Mai shari'a Guido Calabresi, wanda ya rubuta hukuncin, bai karɓi wannan ba. A ganinsa, majalisar da ta ba ma'aikaci damar barin kamfani ba za ta nufi a bar makomarsa a hannun kamfanin da ba shi da sauran sha'awa a kansa ba. Sai a Nuwamban 2017 hukumar ta amince a hukumance cewa ma'aikacin da ya sauya aiki bisa ƙa'ida yana cikin waɗanda za a sanar.

An yi murna da wannan gyara, kuma ya cancanci murna. Sai dai a dubi ƙanƙantarsa. Wanda ya riga ya kai matakin ƙarshe ya kuma sauya aiki shi kaɗai ya shafa. Koren katin da ake bayarwa ta hanyar aiki kusan 140,000 ne a shekara, har da iyalan ma'aikata, kuma babu ƙasar da 'ya'yanta za su wuce kashi 7 cikin ɗari sai in an sami ragowa. Wannan ne ya sa ɗan Indiya ke jira fiye da shekara goma kafin ma ya sami damar shigar da takardar ƙarshe. A duk tsawon wannan jira, fayil ɗinsa na hannun kamfani da lauyan kamfani. Abu ne sananne cewa ma'aikata da dama sai sun bi ta dokar 'yancin samun bayanai sun roƙi gwamnati ta ba su kwafin buƙatar da aka shigar da sunansu, saboda kamfani ya ƙi ba su. Hanyar kotu ma ƙara tsukewa take yi: a 2022 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta ce kotuna ba su da ikon sake duba gaskiyar abin da ya faru a shari'ar neman daidaita zama, a 2024 kuma ta ce soke buƙatar biza da aka riga aka amince da ita yana cikin ikon ganin dama na minista.

Wurin da fannonin biyu ke haɗuwa a zahiri shi ne ranar sallama. A ɗauki ma'aikacin da ke kan H-1B a cikin waɗanda kamfanonin fasaha suka sallama a ƙarshen 2022, lokacin da Meta kaɗai ya rage mutum 11,000 a watan Nuwamba. Kwanan wata ɗaya da aka rubuta a takardarsa yana tayar da agogo da yawa lokaci guda. Yana da kwana 60 ya sami wani kamfanin da zai nema masa biza, ko ya sauya matsayi, ko ya tattara ya bar ƙasar. Inshorar lafiyar iyalinsa za ta yanke, sai dai in zai ci gaba da biyan kuɗinta gaba ɗaya da kansa, abin da doka ta yarje masa har wata 18. Gudummawar da kamfani ya zuba masa a asusun ritaya kuwa, doka ta yarda a jinkirta nunarta: ko dai ba komai sai ya cika shekara uku, ko kuma a hankali daga shekara ta biyu har ta cika a ta shida. Shekara shida, daidai tsawon ran bizarsa. Idan an sallame shi yana da shekara biyu da wata goma sha ɗaya a tsari na farko, kason kamfani ya tafi. Haka kuma kowane wata ana yankar kashi 6.2 cikin ɗari na albashinsa domin fanshon gwamnati, wanda ba a cin moriyarsa sai an tara maki 40, kimanin aikin shekara goma ke nan. Amurka na da yarjejeniyar haɗa shekarun aiki da ƙasashe kusan 30, amma babu Indiya a ciki, babu kuma ko ƙasa ɗaya ta Afirka. Wanda ya yi shekara shida ya koma Kano ko Hyderabad ya bar wannan kuɗi a baya. Ma'aikacin Nijeriya da ya saba da dokar fansho ta 2014, inda kashi 10 na mai ba da aiki da kashi 8 nasa ke shiga asusu mai sunansa da zai bi shi duk inda ya koma, zai yi mamakin jin haka.

Lauyan da ya san fannonin biyu shi kaɗai ne a ɗakin da ke ganin dukan agogon nan. Ya san cewa matsar da ranar sallama da mako uku na iya sa haƙƙin fansho ya nuna, ya kuma sa kwana 180 su cika. Ya san sashe na 510 na ERISA ya haramta korar mutum da nufin hana shi kaiwa ga haƙƙinsa, ya kuma san dokar shige da fice ba ta da takamaiman sashe makamancinsa ga wanda aka sallama ana saura kwana kaɗan. Wannan sani shi ne darajar sana'arsa. Abin tambaya shi ne wa yake faɗa wa. Idan ya kira shugaban sashen ma'aikata ya yi masa bayani, ya bar mutumin da ya yi shekara huɗu yana aiko masa da fasfo da takardun haihuwar 'ya'yansa, yana kiransa "lauyana", to ya yi wakilcin mutum biyu da baki, ya yi na mutum ɗaya a aikace.

Maganin da ya fi dacewa yana cikin ɗaya fannin da lauyan ya riga ya sani. A shari'ar fansho, kotunan tarayya da dama sun daɗe da kafa wata ƙa'ida: idan lauya ya ba mai riƙon amana shawara a kan yadda za a gudanar da tsarin, mai riƙon ba zai ɓoye wannan shawara ga ma'aikata da sunan sirrin da ke tsakanin lauya da wanda ya ɗauke shi ba. Dalilin kotunan shi ne, a irin wannan aiki ma'aikatan ne ainihin waɗanda ake wa hidima, ko da ba su suka sa hannu a takardar ɗaukar lauyan ba. Sirri na dawowa ne kawai idan mai riƙon yana neman kare kansa daga ƙara. Babu dalilin da zai hana a ɗauki wannan tunani a kai shi fayil ɗin biza. Ma'aikacin da aka shigar da buƙata da sunansa ya cancanci kwafin duk abin da aka shigar, ya cancanci a sanar da shi a ranar da wata takarda ta iso daga hukuma, kuma idan kamfani ya yanke shawarar janye buƙatar ko sallamarsa, lauyan ya gaya masa nan take cewa daga yau maslaharsu ta rabu, ya nemi nasa lauyan. Ƙungiyoyin lauyoyi sun daɗe suna tattauna wannan wakilci na ɓangare biyu, kuma lauyoyi nagari na yin hakan da kansu. Amma abin da aka bar wa halin mutum, ranar da babban kamfani mai kawo aiki ɗari a shekara ya murtuke fuska, ba lalle ya tsaya ba.

Masu adawa da wannan ra'ayi na da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Suna cewa babu dokar da ta tilasta wa kamfani ya nema wa kowa koren kati, kamar yadda babu wadda ta tilasta masa kafa tsarin fansho. Idan aka yawaita masa sharuɗɗa, sai ya janye hannunsa, baƙon da ake son karewa ya rasa gaba ɗaya. Kotun Ƙoli kanta ta sha kawo irin wannan hujja a shari'o'in fansho. Suna kuma nuni da cewa manyan nasarorin da aka samu a kan gwamnati lauyoyin kamfanoni ne suka samo su. Gaskiya ne. A Maris na 2020, ƙungiyar kamfanonin fasaha ta ITServe Alliance ce ta sa wata kotun tarayya a Washington ta rushe wasu ƙa'idojin da hukumar shige da fice ta riƙa fakewa da su tana ƙin bayar da H-1B ko tana gajarta wa'adinta, kuma dubban ma'aikata sun amfana. Matuƙar abokin hamayya gwamnati ce, jirgi ɗaya ya ɗauko kamfani da ma'aikaci. Amma hujjar ta farko an yi ta tun kafin 1974, aka ce kamfanoni za su guje wa fansho idan aka ɗora musu amana, ga shi yau asusun ritaya da ke ƙarƙashin dokar na ɗauke da tiriliyoyin daloli. Miƙa wa mutum kwafin takardarsa kuwa ba ya cin kamfani ko kwabo. Kamfanin da zai fasa ɗaukar baƙo saboda an hana shi ɓoye masa fayil, ya nuna cewa ɓoyewar na cikin abin da yake saye.

Ga wanda ke ganin an zuzuta haɗarin, shari'ar Signal International ta isa misali. Bayan guguwar Katrina ta 2005, wannan kamfani mai gyaran jiragen ruwa da na'urorin haƙar mai ya kawo ma'aikata kusan 500 daga Indiya, masu walda da haɗa bututu, a kan bizar wucin gadi ta H-2B. Kowannensu ya biya dillalai tsakanin dala 10,000 zuwa 20,000 bisa alkawarin koren kati, alhali bizar da aka kawo su da ita ba ta kaiwa can. Wasu gonaki suka sayar, wasu bashi suka ci. Aka zuba su a sansanoni masu gadi a Pascagoula ta jihar Mississippi da Orange ta jihar Texas, ana yankar dala 1,050 a wata daga albashin kowane mutum kuɗin kwana da abinci. A Fabrairun 2015 wata kotun tarayya a New Orleans ta ba biyar daga cikinsu diyyar dala miliyan 14, kuma cikin waɗanda aka kama da alhaki har da lauyan shige da fice da ya shirya takardun. Kamfanin ya bayyana karayar arziki a wannan shekarar, ya amince da sulhun dala miliyan 20 tare da neman gafara. Wani abin da ba a cika ambata ba shi ne, babban kaso na hannun jarin kamfanin na asusun fanshon malamai da ma'aikatan gwamnatin jihar Alabama ne. Ajiyar tsufan wasu ma'aikata ce aka juya a wurin da ake tatsar wasu.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga tsarin da ke ɗaure zaman mutum a ƙasa da yardar ubangidansa. Kalmomin kafili da iƙama sun shigo bakin mutane ta hanyar waɗanda suka yi zaman aiki a Saudiyya. Zalunci ne a daidaita tsarin biyu, domin a Amurka mai H-1B na iya komawa wani kamfani ba tare da izinin na farko ba, ga kuma kotunan da ke iya taka wa gwamnati burki. Sai dai dangantakar ta fi kusa da yadda ake zato a wasu wurare, kuma 'yan Afirka na cikin waɗanda abin ke shafa. Likitan da ya je ƙarin horo a kan bizar J-1, kamar yadda likitocin Nijeriya da dama ke yi, doka ta ce ya koma gida shekara biyu bayan ya gama. Hanyar kauce wa wannan da aka fi bi ita ce shirin da ke ɗauke da sunan Sanata Kent Conrad, wanda ya ba kowace jiha gurbi 30 a shekara, bisa sharaɗin likitan ya yi shekara uku cur yana aiki a yankin da ke ƙarancin likitoci. Idan ya bar asibitin kafin wa'adi ba tare da uzurin da hukuma ta karɓa ba, sharaɗin komawa gida ya dawo kansa. Kwantiragin da zai sa wa hannu ya ƙunshi albashi da lokutan aiki da tsarin ritaya da tarar da zai biya in ya tafi, kuma sau da yawa ofishin lauyoyin da ya tsara kwantiragin shi ne zai cike masa takardun biza. Malamin jami'a ma, ko da na harshen Hausa ne da wata jami'ar Amurka ta gayyata, ta wannan ƙofa yake shiga. Jami'o'i ba sa cikin ƙayyadadden adadin H-1B na shekara, amma jami'ar ce mai nema, ofishinta ne ke riƙe da fayil, ranar da kwantiraginsa ya ƙare kuma kwana 60 ɗin nan za su fara ƙirguwa a kansa kamar kowa.